Lamba a Goshi

A ɗakin can sama, ƙarƙashin rufi, a Mexborough,
inda ruwan sama ke kwana yana ƙwanƙwasa taga,
Horace Tunnicliffe ya shimfiɗa layin dogo kan tsohon ƙyaure:
tasha guda, gada guda, tudun kwal na kwali.
Kan jirgin dizal ɗinsa bai fi tafin hannu ba,
kore shar, sabo fil.
Ya juya shi, ya dubi goshin, ya ja tsaki.

"Jiki ya yi, ƙafafu sun yi.
Amma dubi nan, Bryony.
Lamba fara sol, a miƙe kamar sojan fareti,
fitilar bayanta na kashe ido kamar shagon gwal.
Wanda ya ƙera wannan bai taɓa kwana a ɗakin sigina ba."

Shi ya kwana. Shekara talatin da ɗaya,
shi da butar shayi da hazo da ƙarafan sauya layi.
Labarin zuciya a tambayi fuska,
labarin jirgi kuwa, in ji shi, a tambayi goshi.
Gurbi huɗu ne kawai:
na farko ya gaya maka fasinja ne ko kaya,
harafi ya ce ga inda aka dosa,
biyun ƙarshe sunan yanka.

Yanzu hannunsa rawa yake,
cokali ma sai da lallashi.
Don haka idon nasa ne, yatsun na jikanya.

Ta sa bakin reza ta ɓanɓare robar kamfani.
Robar ta yi tsalle ta ɓace cikin kafet,
suka yi rabin awa a durƙushe
yana mita, tana dariya,
har suka tuna ba sa ma bukatarta.

Ta shafe cikin akwatin da baƙin fenti
kada haske ya yoyo zuwa wurin direba.
Ta liƙa wa wayar wata 'yar ƙwaya kamar shinkafa
mai rage wa fitila zafin kai.
"Ƙara ragewa." Ta rage.
"Ƙara." Har hasken ya koma launin shayi mai madara,
irin na kwan da ya sha hayaƙin shekaru.

Sai lambobin. Ta buga su ƙanana kamar ƙwayar gero,
ta yanka, ta ɗauko da hantsaki, tana riƙe numfashi.
Takwas ta zauna. Harafi ya zauna. Biyu ta zauna.
Bakwai ta zauna daram, ya ce a'a.

"Karkata ta. Ɗaga ta sama, rabinta ya shige."
"Kaka, ai ɓata aikin za mu yi."
"Ɓata shi."

Daga ciki ake murza lambar da hannu, in ji shi,
cikin sanyin asuba, yatsu sun ƙage.
Len Oldroyd bai taɓa daidaita ta ƙarshe ba,
kullum bakwai ɗinsa na leƙe kamar maƙwabci a katanga.
Tun daga kwana, in na hango ta a karkace,
na san Len ne, na san zai wurgo min jaridar jiya.
Sai wata shekara aka ce a mai da duka sifiri.
Jirage suka riƙa wucewa da ido huɗu, babu suna.
Len ma bai daɗe ba.

Ta karkata bakwai.
Ta rufe da gilashi siriri kamar ɓawon albasa,
ta goga masa ɗan toka da auduga,
domin jirgin kwal ba ango ba ne.

Suka kashe wutar ɗakin.
Ruwa na ta ƙwanƙwasa taga.
Daga ramin kwali wani ɗan haske ya ɓullo
a hankali, yana jan taragu tara,
takwas, harafi, biyu, da rabin bakwai.

Tsohon ya ja hannun rigarsa,
ya kanga agogo kusa da hanci.
"Minti shida," ya ce. "Har yau bai daina latti ba."